SAGARA TA FARA ƘWAI: INA MATSALA, INA MAGANI?

Yau zancen kaji za mu yi.

A ƙasar Madarunfa da wuya ka shiga gida ba ka ga kaza ba. Daga Safo zuwa Gabi, daga Sarkin Yamma zuwa Ɗan Isa, haka abin yake. Yawancin kajin nan na mata ne da yara. Kaza ce kuɗin sabulu. Ita ce kuɗin maganin yaro in zazzaɓi ya kama shi. Ita ake yanka wa baƙo.

Amma ku saurari hirar mata a bakin rijiya. Wata ta ce: "Sagarata ta yi wata 8, ba ƙwai ko ɗaya." Wata ta ce: "Tawa tana kyarkyara kullum, amma ban san inda take zubawa ba." Wata kuma ta ce: "Ni tawa ta fara, sai ga ƙwai ba ɓawo." Ta ƙarshe ta ce: "Ku kun ji daɗi. Nawa duka sun mutu da ɗarin bara."

Sagara ita ce budurwar kaza, wadda ba ta taɓa yin ƙwai ba ko kuma yanzu ta fara. An yi wata 6 ko 7 ana ciyar da ita. In ta lalace a daidai wannan lokaci, wahalar watannin nan duka ta tafi banza. Galibin abin da ke ɓata mana rai game da ita yana da dalili. Maganinsa kuma yana cikin gida, ba ya cin kuɗi da yawa. Sai dai a shirya tun kafin ƙwan fari ya zo.

YAUSHE SAGARA KE FARA ƘWAI?

Kazar gida tana fara ƙwai tsakanin wata 6 da wata 8. Kajin gidan gona, waɗanda ake kira kajin turawa, suna farawa da wata 5. Kada ki gwada taki da su. Irinsu dabam, abincinsu dabam.

In sagara ba ta ƙoshi, tana iya wuce wata 8 ba ta fara ba. Wadda aka ƙyanƙyashe da kaka ta yi ƙuruciya cikin wadata. Amma lokacin ƙwanta yana faɗowa cikin bazara, ga zafi, ga rumbu ya yi ƙasa. Dole ta yi jinkiri.

Akwai alamun da ke nuna ta kusa. Zankonta, wato naman nan da ke bisa kanta, yana ƙara girma, ya yi ja wur. Tana yawan ƴar kuka, tana leƙa lungu-lungu. In kin miƙa hannu za ki kama ta, sai ta durƙusa ta buɗe fukafukai. Ga kuma gwaji na hannu. Ki kama ta a hankali, ki taɓa ƙarƙashin wutsiyarta. Akwai ƙasusuwa 2 masu tsini. In yatsa 1 kaɗai ke shiga tsakaninsu, da saura. In yatsa 2 sun shiga, ƙwai ya kusa, ko ma ta riga ta fara a ɓoye.

Da wannan gwaji za ki san kazar da ke cin hatsinki banza. Kar ki sayar da mai ƙwai ki bar marar yi.

Wasu na cewa kaza ba ta ƙwai sai da zakara. Ba haka ba ne. Tana yi ko babu zakara. Sai dai wannan ƙwai na ci ne, ba ya ƙyanƙyashewa. Zakara 1 ya ishi kaji 10. In zakaru sun yi yawa, faɗa suke yi, suna fige wa sagara baya. A kai ragowar kasuwa.

INA TAKE ƁOYE ƘWAI?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kawo surutu. Sagara tana son wuri mai duhu, mai shiru, inda ba a ganinta. In ba a ba ta ba, za ta nema da kanta. Sai ta shiga ƙarƙashin rumbu. Ko ta hau kan harawa. Ko ta shige ƙarƙashin gado. Ko ta tsallaka danga ta zuba a gurbin kazar maƙwabta. Daga nan sai rigima: ƙwan wa ne? Maƙwabta nawa suka daina gaisawa saboda ƙwai 3!

Ƙwan da ke waje kuwa ba naki ba ne. Na kare ne, da gafiya, da maciji, da hankaka.

To, a yi mata gurbi tun tana wata 5. Tsohuwar tukunya mai faɗin baki ta isa. Tsohon kwando ma ya yi. A zuba toka a ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a bisa. A ajiye shi cikin akurki ko a lungun da rana ba ta bugu. Kada a sa shi a hanyar yara.

Yaya za ta san nata ne? A sa mata ƙwai 1 a ciki. A yi masa alama da gawayi don kada a ɗauke shi. Dutse fari mai siffar ƙwai ma yana aiki. Kaza in ta ga ƙwai a wuri, sai ta yarda da wurin.

Yawancin kaji da safe suke ƙwai, kafin rana ta take. Saboda haka in sagara ta saba da wani wuri, a tsare ta cikin akurki da ruwa da ɗan tsaki har hantsi ya yi sosai. Kwana 4 ko 5 sun isa. In ta zuba sau 2 ko 3 a gurbin, ba ta sake shi.

Kashedi: kada a kwashe ƙwai duka a bar gurbi wayam. Za ta ɗauka ɓarawo ya gano wurin, ta sake wani.

ƘWAN FARI BA YA KYAU

Ƙwan fari ƙarami ne. Wani lokaci da ɗan jini a jikin ɓawon. Wani lokaci a fasa a ga gwaiduwa 2. Wani lokaci sagara ta yi yau, ta huta kwana 3. Duk wannan ba ciwo ba ne, ba kuma sammu ba ne. Cikinta ne bai saba ba. Cikin sati 2 ko 3 abin zai daidaita.

Ku san wannan: ƙwai 1 yana ɗaukar wajen awa 25 kafin ya haɗu a cikin kaza. Awa 20 daga ciki, ɓawo ake yi. Shi ya sa ko kaza mai ƙoƙari ba ta yin 2 a rana. In ta yi yau da sassafe, gobe sai hantsi, jibi sai ya fi haka. Daga nan ta tsallake rana 1.

Amma in ƙwai ya ci gaba da fitowa da taushi kamar leda, ko ɓawon yana fashewa da an taɓa, to akwai abin da ya rasa. A nan za mu daɗe, don nan ne yawancinmu muke kuskure.

Ɓawon ƙwai kusan duka alli ne. Likitoci na kiran wannan sinadari kalsiyam. Shi ne kuma ke cikin ƙashi. Hatsi da dawa da dusa ba su da shi sai ɗan kaɗan. Tsako da zakara ba su bukatarsa da yawa. Amma ran da sagara ta fara ƙwai, bukatarta tana ninkawa sau 3 ko fiye. In ba ta samu a abinci ba, jikinta yana zarowa daga ƙashinta. Sai ƙafafunta su yi rauni. Sai ɓawo ya yi laushi. Daga baya ta daina ƙwai ɗungum.

Ina za a samu? Yana nan cikin shara. Ɓawon ƙwan da masu shayi ke zubarwa, a tara shi. A gasa shi bisa wuta, a daka shi. Ƙashin da aka ci nama aka yar, a ƙona shi har ya yi fari, a daka. Ɓawon katantanwa ma haka. A zuba garin cikin wani kasko dabam, kusa da ruwa. Kaza ta san gwargwadon da take so. Ba sai an auna mata ba.

Me ya sa muka ce a gasa, a daka? Don kada ta gane ƙwai ne. Kazar da ta ɗanɗana ɗanyen ƙwai tana koyon fasa nata ta sha. Sauran kuma su koya daga gare ta. Abin yakan fara ne da ƙwai mai taushi da ya fashe a gurbi. In haka ta faru, a kwashe ciyawar nan da nan, a sa sabuwa. A ƙara wa gurbin duhu. A riƙa ɗaukar ƙwai da wuri. In ta ƙi bari bayan sati 2, tukunya ce maganinta.

TONO KAƊAI BA YA ISA

Muna cewa kaza tana ciyar da kanta. Da damana gaskiya ne: ga ƙwari, ga tsutsa, ga ɗanyen haki. Da kaka ma ga tsaba a masussuka. Amma daga watan Maris zuwa saukar ruwa, me ke cikin tsakar gida ban da rairayi?

Kaza mai ƙwai tana son ƙari. A ba ta cikin tafin hannu 1 na tsaki ko dusa a rana, rabi da safe, rabi da marece. Wannan kamar giram 50 ke nan. Tiya 1 ta hatsi tana da kamar kilo 2 da rabi. Ke nan tiya 1 za ta riƙe kaji 5 har kwana 10. Na marecen yana da wani amfani: yana koya musu dawowa gida su kwana cikin akurki.

Hatsi yana ba da ƙarfi, amma ba shi ke gina ƙwai ba. Ƙwai yana son abinci mai gina jiki. Mu a nan Allah ya hore mana. Ga tabkin Madarunfa: kan kifi da ƙaya da ƴan ƙananan da masunta ke zubarwa, a shanya su, a daka. Ga zogale a gadinan Jiratawa da bakin gulbi: ganyensa yana sa gwaiduwa ta yi ja. Ga tunkuzar gyaɗa wajen mata masu mai. Ga dusar wake. Sai dai a kula: tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna guba ne ga kaji. Mai gishiri da yawa ma ba shi da kyau.

Ga kuma gara, abincin da ba a saye. A sami tsohuwar tukunya. A cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara. A yayyafa ruwa. A kife ta da marece a inda gara ke bi, nesa da rumbu da ɗaki. A rufe ta da tsumma don rana. Bayan kwana 1 ko 2, da sassafe, a ɗaga a zazzage wa kaji. Yaro ma zai iya wannan aiki.

Sai ruwa. In an kasa ƙwai kashi 4, kashi 3 ruwa ne. Amma gida nawa ne ke da kaskon ruwan kaji? Yawanci sai su sha a bakin randa ko a makwararar wanka. Kaji 4 suna shan lita 1 a rana. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, suna shan ninkin haka. Kaza ba ta gumi. Baki take buɗewa tana haki. Yawan hakin nan ma yana sa ɓawo ya yi laushi. In ta yini 1 ba ruwa, tana iya yin kwanaki ba ƙwai. A sa kaskon a inuwa. A wanke shi kullum. A sake ruwan da azahar in ya yi zafi.

ƘWARIN DARE

Wani lokaci kaza ta ƙi akurki, ta koma kwana bisa icce. Ko ta tashi daga kan ƙwai ta ƙi komawa. Kafin ki zage ta, ki shiga akurkin da tocila da dare. Ki duba tsagar bango. Akwai wata kaska mai faɗi da ke ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini. Ga ƙuma da ke manne wa fuska. Ga kwarkwata cikin gashi. Kazar da ake sha wa jini zankonta yana yin fari, ƙwai ya ragu.

A share akurki kowane sati, kashin a kai gona. A yaɓe tsagogi. A ƙone tsohuwar ciyawar gurbi. A tara musu toka da rairayi a wani lungu su yi birgima. In abin ya yi yawa, a nemi maganin wajen ma'aikatan kiwo. Kada a fesa wa kaji maganin ƙwarin wake ko na auduga.

TA KWANTA: ƘWAI NAWA ZA A BAR MATA?

Kazar gida tana zuba ƙwai 10 zuwa 15, sai ta yi kwanci. Tana yin haka sau 3 ko 4 a shekara. Duka-duka ƙwai 30 zuwa 60 ke nan.

Sagara jikinta ƙarami ne. Ba ta iya rufe 15. Na gefe suna yin sanyi, ta juya su, na tsakiya su koma gefe, a yi hasarar duka. A kwancin fari a bar mata 8. Babbar kaza a bar mata 10 ko 12. A zaɓi sababbi, waɗanda ba su wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Don a gane, a riƙa rubuta ranar a jikin kowane ƙwai da fensir. Ga amfanin karatun da muke yi! Ƙwan kwanci ba a wanke shi.

Ragowar fa? A sayar, ko a dafa wa yara. Wasu na cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne. Ƙwai abinci ne mai gina jikin yaro, da mai ciki, da mai shayarwa. Mu bar ƙwai 6 su ruɓe a gurbi, ga yaro yana rama? Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Bayan kwana 8 zuwa 10 na kwanci, a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini da ɗan baƙin abu. Wanda haske ya ratsa shi tas, babu kome ciki. A fitar da shi kafin ya zama baragurbi.

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21. Na zabuwa yana kai kwana 26 zuwa 28. Kada a sa su rana ɗaya ƙarƙashin kaza ɗaya. Ƴan tsaki za su fito, uwar ta tashi ta bar na zabi. Ƙwan zabi kuma a ba tsohuwar kaza da aka san halinta. Sagara sau da yawa ba ta da haƙurin.

A ajiye ruwa da tsaki kusa da mai kwanci. In ƴan tsaki sun fito, kada a sake su su bi uwa cikin gari. Shirwa da shaho da muzuru suna jira. A kife su da babban kwando a inuwa, a ciyar da su har sati 4 zuwa 6. A sa ƴan duwatsu cikin kaskon ruwansu don kada su nutse.

CIWON ƊARI

Duk abin da muka faɗa ba shi da amfani in annoba ta share akurki. Kowa ya san ta. Da an shiga ɗari, iskar hunturu ta taso, sai kaji su fara. Kaza ta takure, fukafukai su zube kamar mai jan riga. Tana numfashi da ƙyar. Tana zawo kore. Wata wuyanta ya murɗe. Cikin sati 1 ko 2, kaji 8 ko 9 cikin 10 suna iya mutuwa. A wajen mai ƙwai, alamar fari ita ce ƙwai ya tsaya ko ya fito ba ɓawo.

Likitocin dabbobi suna kiran ta Niyukasal. Sunan wani gari ne a Ingila inda aka gano ta a 1926. Ba ƙasarmu kaɗai take ba, ta gama duniya.

Mu faɗi gaskiya: ba ta da magani. Barkono ba ya warkar da ita. Ɓawon maɗaci ba ya yi. Kafson da ake saye wajen masu yawo da magani a zuba cikin ruwa, hasarar kuɗi ne. Wadda ta tashi, da ma za ta tashi.

Amma tana da rigakafi, kuma ba shi da tsada. Iri 2 ne. Akwai na ɗigawa a ido, mai suna I-2: ɗigo 1 ga kowace kaza, babba da ƙarama, a maimaita kowane wata 4. Akwai na allura, wanda ake maimaitawa kamar sau 2 a shekara. Kaza mai lafiya ake yi wa. Yana ɗaukar wajen sati 2 kafin ya kama jiki. Wanda ya jira sai ciwo ya shigo gari, ya makara. Daga nan ne ake cewa allura ta kashe kaji, alhali ciwon ya riga ya shiga.

Kwalba 1 ta kaji da yawa ce, in an buɗe ta kuma ba ta daɗewa. Saboda haka mace 1 mai kaji 6 ba za ta saya ita kaɗai ba. Matan unguwa su haɗu. A ƙidaya kajin, a rubuta, a tara kuɗin, a sa rana. A tsare kajin tun dare, don ba a kama kaza da rana.

Ciwon nan a kasuwa yake tafiya. Mai kaza in ya ga ta fara takurewa, sai ya ruga ya sayar da arha. Mu da muke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, kaji suna ratsa mu kullum. Kazar da aka sayo ko aka ba ki kyauta, a ware ta sati 2 kafin ta haɗu da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta. Kada a jefa ta bayan danga, kare zai ja ta zuwa gidan wani.

Akwai wani ciwo da ya yi kama da wannan, wato murar tsuntsaye. A 2006 ta ɓulla a Magariya, cikin jihar Damagaram. A cikin shekarar kuma ta ɓulla a Boko Mai Gao, nan ƙasar Madarunfa. Ita tana iya kama mutum. Da ido ba a rarrabe ta da ciwon ɗari, sai an yi awo. In kaji, da zabi, da agwagi suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa. A gaya wa mai gari, a sanar da ma'aikatan kiwo a ranar.

Ga lokacin da za a riƙe: rigakafin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na watan Oktoba, ana cikin girbin hatsi, kafin ɗari ya shigo. In na ido ne, a sake a Fabrairu, a sake a Yuni. A rubuta watannin nan 3 a jikin bangon akurki.